Shafin da Na Tsallake

Ni ne mai karatu a cocinmu na Gagarawa Tasha. Ba wai don na fi kowa tsoron Allah ba, murya ce kawai gare ni, kuma harshena ba ya sarƙewa a sunayen mutanen da. Sunana na baftisma Barnabas, amma in ka shigo garin kana cigiyar Barnabas sai dai ka gaji ka koma. Cindo kowa ya sani, don da yatsa shida aka haife ni a hannun dama, wanzami ya cire ɗaya ya bar mini ɗan tsiro.

Cocin namu ɗaki guda ne mai rufin kwano a bayan layin dogo. Ma'aikatan reluwe ne suka gina shi tun kafin a haife ni, har da mahaifina a cikinsu. Da aiki ya mutu suka watse, aka bar mu gida tara a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. In kowa ya zo, har da na goye, ba mu fi arba'in ba. Fada Linus, limaminmu, yana zuwa daga Gumel a kan babur sau ɗaya a wata ya yi mana Misa, babbar sujadarmu. Sauran Lahadin kuwa Baba Katikis Ubale, mai koyar da mu addini, shi ne ke jan addu'a, aikin da ya shekara arba'in yana yi. Da yana ta rufe masa ido sai karatun duka ya dawo kaina, na fari da Zabura da na biyu har Bishara. Ni in karanta, shi ya tashi ya yi wa'azi a kan abin da na karanta.

Ga wanda bai sani ba, mu Katolika ba ma zaɓen abin da za a karanta ranar Lahadi. Littafi ne ƙato da aka raba shi shekara uku, A da B da C, kowace Lahadi da shafinta. In ukun sun cika a koma farko. Abin da aka karanta a Gagarawa Tasha shi aka karanta a Kano, shi aka karanta a Roma a wannan rana. Mai karatu ba shi da ta cewa, nasa ya buɗe inda jan zare yake ya ɗaga murya. Na san wannan kamar yunwar cikina, don haka kada wani ya yi mini kara ya ce kuskure na yi.

Inna, mahaifiyata, ba ta san ko bihim ba. Amma a wurinta karatun Lahadi wasiƙa ce da Allah yake aiko mata ta bakina. Duk abin da ya shige mata duhu sai ta ce, "Bari mu ji me Lahadi za ta ce." Akwai shekarar da ta shirya kai tunkiyarta kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai Lahadi ta kawo labarin makiyayin da ya bar garke ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Shi ke nan tunkiya ta sha, tsufa ne ya kashe ta. Fada Linus ya yi faɗa har ya gaji.

"Mama Hannatu, Littafin Allah fa ba ƙasar duba ba ne."

"Fada, ni ba duba nake yi ba, saurare nake yi."

Biyar ta haifa, ni kaɗai Allah ya bar mata. Ni kuwa tun ina shekara goma sha biyar nake ɗauke da wani abu a ƙirji. A damina ne mahaifina ya rasu. Ya kwana uku yana nishi yana zare ido, tsoron mutuwa ya kama shi. Wani tsohon Fada ya taso daga Gumel cikin ruwa, laka har gwiwa, ya shafa masa mai, ya sa masa gurasa mai tsarki ta Jibin Ubangiji a harshe, ya riƙe masa hannu. Ina tsaye na ga fuskar mahaifina ta sake. Tun daga ranar na ce a raina, wannan aikin nake so. Shekara tara ban gaya wa kowa ba. Na gama makaranta, na sami koyarwa a wata firamare ta wajen Sule Tankarkar, abin yana nan bai je ko'ina ba.

Sai ga maganar Rahama, autar Baba Katikis, wadda take koyon ɗinki a Gumel. Ba wanda ya tilasta wa wani. Tare muka tashi, tana sona, ni ma in na ce ba na son ta na yi ƙarya. A coci mai gida tara kuwa ba sai an buga ganga ba. Inna har ta fara tara atamfofi a ƙasan akwati, tana kiran ta "surukata" a gaban jama'a, ita kuma tana rufe fuska da mayafi. Na ga in ban buɗe baki ba za a wayi gari an sa rana.

Ranar wata Laraba ce cikin Janairu. Inna tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zoɓo, yatsunta sun yi ja wur. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kame-kame, sannan na ce mata ina so in tafi seminari, makarantar da ake horar da masu zama Fada.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Fada ba ya aure."

"Na sani, Inna."

"Gidan ubanka fa? A toshe ƙofar da ƙaya?"

Ta jefa zoɓon hannunta a ƙwarya, ta ƙara da cewa:

"Yarinyar mutane fa?"

Ta tsinki zoɓo ya kai goma kafin ta sake magana.

"Cindo, ba zan ce e ba, don zuciyata ba za ta iya ba. Ba zan ce a'a ba, don ina tsoron in tare wa Allah hanya. Lahadi tana tafe. Abin da ta kawo, ni da kai mu bi. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Ran Asabar da la'asar na je coci kamar kullum, in share in kuma bi karatun gobe don kada in yi tuntuɓe. Na buɗe inda jan zare yake, shekarar C, Lahadi ta biyu bayan an gama bukukuwan Kirsimeti. Karatu na fari daga annabi Ishaya, sai na ga yana maganar yadda saurayi yake auren budurwa, da yadda ango yake murna da amaryarsa. Na yi maza na duba Bishara. Tirƙashi! Bikin auren Kana, inda ruwan inabi ya ƙare Yesu ya mai da ruwa ya zama inabi. Aure a sama, aure a ƙasa. Na zauna daɓas a kan benci, tsintsiya a hannu. Na riga na ji muryar Inna: "Ka ji ko? Allah da kansa ya ce a yi biki."

Ban san lokacin da na fara juya shafi baya ba. To, ƙarya nake, na sani sarai. Na nemi wannan Lahadin a shekarar B, wadda muka gama bara. Sai ga yaro Sama'ila yana kwance a Haikali, ana kiran sunansa, yana tashi yana zuwa wurin tsoho Eli, har tsohon ya gane Allah ne ke kira. Bisharar ma ta almajirai biyu ce da suka bar komai suka bi Yesu. Kai, ko ni na rubuta ba zai fi haka ba. Na ɗaga jan zaren nan na mai da shi can. Har da ce wa kaina ai duk maganar Allah ce, kuma wa ya sani ko shi ya nuna mini. Baba Katikis ba ya gani, sauran jama'a ba mai littafi a gida, Fada sai bayan mako biyu.

Ran Lahadi Inna ta zauna a bencin gaba da farin ɗankwalinta, ta haɗa hannu a cinya. Na karanta labarin Sama'ila da muryar da ban taɓa yin irinta ba. Da na kai inda yaron ya ce wa Ubangiji ya yi magana bawansa yana ji, sai na ga hawaye yana bin kuncinta. Na rufe da cewa, "Wannan ita ce maganar Ubangiji." Muryarta ta fi ta kowa fitowa: "Godiya ta tabbata ga Allah."

Da na gama Bishara Baba Katikis bai tashi da wuri ba. Ya karkata kai gefe ya daɗe a haka, har mutane suka fara gyaran murya. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe. Wa'azin gajere ne, shi da yakan kai mu har ciki ya fara ƙugi. A ƙarshe ya ce, "Akwai wurin da ba a karanta mana ba. Da gari ya waye tsoho ya tambayi yaron me aka gaya masa. Yaron yana jin tsoro, amma ya faɗa masa duka, bai ɓoye komai ba. Ni nan ne yaron ya burge ni." Ya zauna. Ni kuwa murna ta toshe mini kunne.

Muna isa gida Inna ta durƙusa a tsakar gida ta ɗaga hannu sama.

"Na ji, ya Ubangiji. Kai ka ba ni, kai ka karɓa. Ni wace ce da za ka amsa mini a fili haka?"

Ta juyo ta kama hannuna mai tsiron nan ta ɗora a goshinta. A nan ne murnar ta fara tsami.

Ita da kanta ta je gidan Baba Katikis ta ba da haƙuri. Bayan kwana biyu na gamu da Rahama a tasha tana jiran motar Gumel. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Idonta ya kumbura, amma ta yi murmushi.

"Yaya Cindo, ai ba sai ka ɓuya ba. Ina cocin, da kunnena na ji. Wa zai ja da Allah? In an naɗa ka ni zan ɗinka maka rigarka ta farko, kada ka kai wa wani tela."

Na ce to. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Ran Litinin na lallaɓa na mai da zaren wurinsa, na ɗauka an wuce wurin. Ina! Inna ta mai da labarin nan waƙa. Ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa wa mai sayen zoɓo. Matan coci suka sa mini suna Sama'ila Ƙarami. Har Kawu Ɗalha, ƙanin Inna, wanda yake Musulmi kuma dillalin shanu a Maigatari, ya taso takanas da ɗan akuya a bayan babur.

"Ɗana," in ji shi, "ni ban san kan addininku ba, kuma da son raina ne da na ga jikokin Yaya. Amma mu ma muna istihara. Wanda ya miƙa wa Allah zaɓi kuma ya bi abin da ya fito, ba ya taɓewa. Ga wannan, a yi maka farfesu."

Na ci naman nan kamar ina tauna tsumma. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ɗalibina ya kwafi amsa a aji na ɗaga bulala, sai in kasa dukansa. In Fada ya zo na shiga furta zunubi, sai in zazzage masa ƙananan: na yi fushi, na makara, na zagi mai mota. Babban kuwa in haɗiye shi in fito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne son aikin bai ragu ba ko kaɗan. Da ya ragu da na ce Allah ya kama ni, in huta. Kullum ina addu'a ina tambaya, shin kira ne na gaskiya na ɓata da ƙarya, ko dama can ba kira, muryata ce nake ji tana dawo mini?

Haka har ruwa ya sauka aka yi shuka. Fada Linus ya ce takarduna sun haɗu, saura ɗaya: shaidar Katikis ɗin da ya raine ni, da sa hannunsa. Ran Litinin zai kai su Kano. In ta wuce sai baɗi.

Ran Juma'a da hantsi na sami Baba Katikis a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiya, aikin da ba ya bukatar ido. Da yake ni nake yi masa rubutu, na riga na tsara takardar, nasa kawai in kama masa hannu ya sa. Ya ce in karanta ya ji. Na karanta: yaro ne mai ladabi, mai gaskiya, mai riƙon amana, kuma Allah ya tabbatar da kiransa ta karatun Lahadi a gaban jama'a.

"Wace Lahadi ke nan?"

"Ta biyu bayan bukukuwan Kirsimeti, Baba."

"Bana wace shekara muke ciki?"

Na ce, "C."

"C," ya maimaita. Bai daina tufka ba. "Sau goma sha uku na zagaye littafin nan, Cindo. Idona ne ya mutu, ba kaina ba. Kwana uku na yi ina shirya wa'azin bikin Kana. Har na tanadi abin da zan tsokani matan coci da shi a kan tulunan ruwa shida na bikin. Na zauna ina jiran Ishaya sai na ji Sama'ila."

Takardar ta faɗi daga hannuna.

"Da farko na ce ko iska ce ta juya shafi. Da uwarka ta zo tana kuka tana ba ni labarin alkawarin da kuka yi, sai na gane irin iskar."

Na zube a gabansa. Wata biyar ina kama hannun tsohon nan ina kai shi coci ina dawo da shi, ina karanta masa maganar Allah, ashe duk ya sani. Na ce, "Me ya sa ba ka tona ni ba? 'Yarka ce fa aka bari."

"Don 'yata ce mana. Namijin da zai sauya wa Allah shafi don ya guje mata, shi zan kama in ɗaura mata? Haba. Ta yi kukanta ta share. Kuma na gaya maka a wa'azi, ba ka ji ba. Na ce yaron ya je wurin tsoho da kansa. Wata biyar ina jiran sallamarka."

Na yi kuka kamar ba malamin makaranta ba. Ya bar ni har na gaji.

"Baba, ke nan ba ni da kira?"

"Oho. Wannan ba ni zan faɗa ba, ba kuma shafi ɗaya ne zai faɗa ba. Shekara tara ake yi a can ana tankaɗe ana rairaya. Na ga yadda kake zama da marasa lafiya, ban ce babu komai ba. Amma yardar uwarka da kake taƙama da ita, sato ta ka yi. Ba zan sa hannu a kan kayan sata ba. Ka ɗauki littafin ka kai mata, ka karanta mata abin da Lahadin ta kawo. In ta ce ka tafi, zo in sa hannu. In ta ce a'a, ai da bakinka ka yi alkawari."

"In ta ji aure ne za ta ce in yi aure."

"Mai yiwuwa. Ba dai da Rahama ba." Ya laluba ya ɗauki takardar ya miƙo mini. "Ka kuma goge 'mai gaskiya' ɗin nan tukuna. In ka dawo ma gani."

Ran Asabar na naɗe littafin a zani na kawo shi gida, ban taɓa jin nauyinsa irin na ranar ba. Inna ta dawo daga gona ke nan, tana zaune a kan turmi tana wanke ƙafa. Da ta ga abin da na ɗauko sai ta gyara ɗankwali.

"Lafiya, littafin coci a gida?"

Na durƙusa. Na faɗa mata duka, tun daga tsintsiya har jan zare. Ban iya kallon fuskarta ba, ƙafarta nake kallo da ruwan da ke ɗiga daga ita. Da na gama ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye butar a hankali.

"Karanta mini nawa."

Na buɗe shekarar C. Muryar nan da nake taƙama da ita ta gudu, da ƙyar nake fitar da kalma. Na karanta mata Ishaya da ango da amarya. Na karanta bikin Kana, yadda uwar Yesu ta lura inabi ya ƙare ta gaya masa, yadda ya ce lokacinsa bai yi ba, yadda ta juya ta ce wa masu hidima su yi duk abin da ya gaya musu. Na kai ƙarshe na tsaya. Ban iya cewa wannan ita ce maganar Ubangiji ba.

Ta ce, "Sake Bisharar."

Na sake.

"Bikin wa ake yi? Nasa ne?"

"A'a, Inna. Gayyatarsu aka yi, shi da uwarsa."

"Shi ya yi aure daga baya?"

"Bai yi ba."

"'Ya'ya nawa gare ta?"

"Shi kaɗai."

Ta gyaɗa kai, tana kallon bango.

"Mace mai ɗa ɗaya ta je bikin ɗan wata. Tana kallo ana guɗa, ta san ba za a taɓa yi a gidanta ba. Ba ta zauna tana ƙunci ba, ta tashi tana duba ko abin sha ya isa. Kuma ita da bakinta ta tura shi ya fara aikinsa." Sai a lokacin ta dube ni. "To me ka ji wa tsoro a nan, Cindo? Da ka karanta mini wannan ai da ni aka yi maganar. Waccan ta yaron da kai ake yi. Wannan ce tawa."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin ba. Ni mai takardar koyarwa, na ga kalmar aure na firgita na rufe. Ita da ba ta san bihim ba, ji biyu ta yi.

"Inna, ki yafe mini."

"Wata biyar ina yawo ina gaya wa duniya Allah ya yi mini magana. Har Ɗalha na gaya wa. Ashe kai ne. Shi ya aiko mini da wasiƙata, ɗan aike ya riƙe ya ba ni wata."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna a wurin har inuwa ta juya. Can ta fito da atamfofin nan da ta tara, ta ɗaure su a ɗankwali ta ajiye a gabana.

"Ka kai wa Rahama, ka gaya mata abin da ka gaya mini, da bakinka. Sannan ka ce wa Baba Katikis na ce ka tafi. Na yafe maka. Allah ya sa ka fi haka in ka zama Fada."

Na kai. Rahama ta saurare ni har ƙarshe, ta karɓi ƙunshin, ta ce, "Rigar nan dai ka nemi wani tela." Ni kuwa ban ga bakin roƙo ba. Baba Katikis ya sa hannu da yamma. Wurin da na goge ya ce a bar shi haka, fili. Fada Linus ya ji komai daga bakina ran Litinin a Gumel kafin ya hau mota, ya ce za mu yi magana, ya sa takardar a jaka.

Amma Lahadin da ke tsakani ita ce ba na mantawa. Na hau na buɗe inda jan zare yake, shafin gaskiya, na duba shekarar har sau biyu. Inna tana bencin gaba da farin ɗankwalinta kamar kullum. Na karanta karatu na fari, na ɗago na ce, "Wannan ita ce maganar Ubangiji." Jama'a suka amsa. Inna ba ta amsa tare da su ba. Sai da ta juya ta dubi Baba Katikis, makaho, ta ga ya gyaɗa kai, sannan ta ce ita kaɗai, a hankali, "Godiya ta tabbata ga Allah."